Tambayar Zalɓe

Kakata Ya Kaltum ba ta yarda da kowa ba, har da mu jikokinta. In ta aike ka ɗebo gishiri sai ta leƙa bakinka. A ƙauyenmu na bakin Komadugu, gaba kaɗan da Shetimari, bayan sallar isha'i takan hura busasshen kashin shanu don hayaƙin ya kori sauro, mu kewaye ta ni da yayata Falmata. Tana ɓare tattasai tana ba da labari, ba ta kallon kowa.

"To, ga ta nan ta iso. Wanda ya yi barci kada ya tambaye ni gobe."

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ita ce ta zalɓe. Wai wata shekara kogi ya cika ya shafe fadama kaf. Sai ga zalɓe ya sauka, fari tas, ya tsaya da ƙafa ɗaya kamar mai kunya. Ya ce wa kwaɗi, "Bayin Allah, nan wurin me ake ce masa?" Kwaɗi suka ji daɗi babban baƙo ya kula su, suka haɗa baki: "Ai ruwa ne kawai." Zalɓe ya yi godiya, ya tashi ya tafi wurin sarkin tsuntsaye, ya ce ya samo wurin da ba na kowa ba, mazauna wurin ma sun shaida ruwa ne kawai. Kashegari tsuntsaye suka sauka dubu. Gaiwa ce kaɗai ta tsira, don tun tambayar farko ta nutse cikin laka ba ta ce uffan ba.

Falmata ta taɓa cewa, "Kaka, ai kwaɗin gaskiya suka faɗa."

"Gaskiyar wata uku," in ji ta. "Sauran wata taran fa, wa ya tambaye su?"

Ni dariya na yi. Ina lakwal lokacin, makarantar boko, ina ganin tsohuwa ce mai zargin inuwarta. Kaka kuwa, fadamarmu ba ta taɓa kiranta da suna ɗaya ba. Akwai Gindin Goruba inda ruwa ke fara janyewa, can ake dashen fari. Akwai Baƙar Laka ta shinkafa. Akwai tudun da ta gada wurin uwarta, wanda ta bar wa Falmata. Kogi yakan rufe su duka, in ya ja baya kowa ya bi turakunsa ya koma gonarsa. Haka muka taso muka gani.

Na bar lakwal a aji shida. Wannan guntun karatun ne ya kai ni ya baro. Shekarun baya, ruwa na kan ganiyarsa, wasu suka zo da farar mota da taswira, suka ce ƴan forje ne, masu aikin raya karkara. Bulama, mai garinmu, ya aiko a kira ni tunda ni ne mai boko. Faransancin na lallaɓa na karanta. Amma a daidai fadamarmu an buga wata ƴar kalma ta Ingilishi, harafi uku. Na tambayi tafintansu.

"Fadama ke nan da Turanci, mushe. Ba wani abu."

Mushe ya ce mini, wato yallaɓai da Faransanci. Kaina ya kumbura. Na juya na ce wa Bulama ya dangwala yatsa a takardarsu, ba komai.

Kafin ruwa ya janye an kafa shingen waya. Tudun Falmata ya faɗa ciki. Da muka bi sawu har Difa, daga wannan biro a tura mu wancan ofishin, amsa ɗaya ce: takarda ta nuna ba gona ba ce, kuma da hannun Bulamanku a kai.

Sai bara ƴata da ke lise, wato babbar sakandare, ta duba mini kalmar a wayarta. Gaɓa ɗaya ce tak, in ji ta, buɗe baki guda ka gama faɗa. Ma'anarta ƙasa mai jiƙe da ruwa da ciyayi. Na ce ta karanta sauran ma'anonin. Ta karanta duka. Babu tattasai a ciki, babu shinkafa, babu mutum ko ɗaya.

Har yau ban san ko tafintan nan ya sani ba. Na fi zaton ya sani. Me ya sa ba su zo da rani ba, lokacin da tattasai ke shanye ja wur a ƙasa? Da ina ɗauka kaka tana koya mana tsoron baƙo ne. Yanzu na gane kwaɗin take zagi, masu rawar jikin ba da amsa don an girmama su. Falmata tana ƙwadago a gonar wasu. Muna gaisawa. Ba ta taɓa yi mini gori ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi.

Makon jiya wata motar ta zo, a kan Gindin Goruba. Ruwa ya sake cika. Bulama ya aiko, na je. Na ce musu su dawo in kogi ya ja baya, su shiga gonar da takalmansu, sannan mu karanta. Babbansu ya yi murmushi, ya ce rahotonsu ba zai jira rani ba.

Ban karanta musu ko layi ɗaya ba. Jiya na ji an ce sun samo wani mai boko daga Difa.