Firintar Da Na Kusa Sayar Wa Mai Gwangwan

Tsohuwar firintata ta farfaɗo! Assalamu alaikum, jama'a.

Tun da muka sauya na'urar wayfai ta daina aiki. Sau biyu ina kai ta Kalgo a mashin: can wurin mai gyara ta buga, a nan gida Gwandu ta ƙi. Har na kira mai gwangwan.

Jikata Hafsatu ta latsa maɓallanta, ta yi dariya.

"Tsoho, lafiyarta lau! Wayfai ya sauya lambobi, ita kuwa tana riƙe da tsohon adireshi."

"To amarya, raka ta sabon gidan mana."

Ta gyara lambobin. Sai ga wasiƙar godiyata ga malaminmu na yaƙi da jahilci ta fito tsaf!

Allah ya yi wa yarinyar nan albarka. Ku zo zaurena ku gani, takardar na nan da ɗuminta.