Hitar da na sa aka saya

Tsohuwar hitar ruwan zafi ta gidanmu a Kurudu ta girme ni. Tana maƙale a saman banɗaki, gindinta ya yi tsatsa, in ka taɓa jikinta sai ka ji ɗumi kamar tukunyar da aka sauke. Ina aji biyar na sakandare na karanta a littafi cewa wannan ɗumin asarar wuta ce, zafin ruwan ne ke sulalewa, hitar kuma ta yi ta sake dafa shi. Na daɗe ina juya maganar a raina kafin na iya gaya wa Baba, ni da ko gaisuwata sai an kasa kunne.

Ya ajiye cokali ya dube ni. "Mamana, kin tabbata?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Na ce na tabbata. Da aka yi albashi sai ga shi da sabuwa a bayan mota. Ba a taɓa yin wani abu a gidan bisa shawarata ba sai ranar.

Sai katin wuta ya koma ƙarewa da wuri fiye da da. Baba ya tsaya gaban mita, ya gyara tabarau, ya ce, "Injiniya, zo ki ga aikinki." Da wasa yake faɗa, amma ni abin ya dame ni. Daga baya na ji yana cewa ranar Asabar za a mayar da tsohuwar, tunda tana nan a baranda.

Na shiga lura da hitar. Wata safiya bayan Baba ya tafi ofis, na tarar da Umma tana cika manyan bokitai, tururi ya rufe banɗakin, ga ganyen darbejiya a gefe. Ashe matar mai gadin layinmu ce ta haihu, haihuwar fari, danginta duk suna ƙauye, mai gidan da suke haya kuma ya hana hura itace. Umma ce ke yi mata wankan jego safe da yamma.

"Kada ki gaya wa babanki," in ji ta. "Zai ce na mayar masa da gida asibiti."

Ranar Asabar mai gyara ya iso da tsaninsa. Na tsaya a bakin ƙofa, na ce, "Baba, a bar ta har a yi arba'in."

"Arba'in ɗin wa?"

Na sunkuyar da kai. Umma ta leƙo daga kicin, ta faɗi komai da bakinta. Baba ya ce, "Wato ni ke wankan jego ban sani ba." Ya sallami mai gyara, ya tambayi Umma ko an kai wa mai jegon kanwa da nama.

Bayan arba'in katin ya fara daɗewa. Sauƙin bai kai yadda littafina ya nuna ba, kuma rabinsa daga kashe hitar da muke yi bayan wanka ne. Na gaya wa Baba haka, ban ƙara ba ban rage ba. Ya gyaɗa kai, ya nuna firji da haɓa.

"To Mamana, wannan fa?"