Gonarmu Ta Bakin Titi

A shekarun da buhun taki ya fi ƙarfin talaka, garinmu ya dinga zubewa. Samari sun tafi birni dako da tuƙin adaidaita, kasuwarmu kuwa tun kafin azahar take watsewa. Lokacin ina koyarwa a firamare.

Sai manyan gari suka kafa kwamitin jawo mutane, aka ba ni sakatare don ni ke yawo da biro. Shugabanmu wani Alhaji ne mazaunin birni, sai da salla yake leƙo mu. Shi ya zo da dabarar: a yanka gonakin bakin titi, a ba baƙi fuloti kyauta, su gina, gari ya cika. Muka yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangaru. Ba wanda ya tambayi abin da baƙon zai ci in ya zo.

Gonarmu ta gado a bakin titin take. Ƙanena ke nomanta, kuma saboda ita kaɗai ya zauna da sa'anninsa suka tafi. Shekara da shekaru yana kai mata toka da takin awaki a kan jaki, har ƙasarta ta yi baƙi.

"Yaya, da hannunka za ka rubuta ta?" ya tambaye ni.

Na ce, "Ci gaba ne, za a ba mu wata." Wadda aka ba mu fako ce, ko ciyawa da ƙyar take fitowa.

Ranar rabo baƙi suka iso cikin motoci, shadda sai ƙyalli take. Aka yanka musu rago, suka ci, suka yi hoto. Wani, takardar fulotinsa a hannu, ya tambaye ni sunan garin.

Ko bulo ɗaya ba su ɗora ba. Ashe jira suke birni ya matso su sayar. Da damina ta faɗi ƙanena ya je ya shuka gero a filin, tunda a banza yake zaune. Mai fulotin ya aiko a tuge, wai kar manomi ya saba. Ni aka ba saƙon, ni na kai, kuma har gobe ina jin kunyar wannan tafiyar.

Bai yi musu ba, ya tuge. Sati na zagayowa ya kwashi matarsa da 'ya'yansa huɗu. Na raka su tasha. Da bas ta cika ya leƙo ta taga.

"Yaya, in kun gama cika garin, ka aiko min."