Tsohuwa Mai Allon Tagulla

A kasuwar tsofaffin kaya ta birnin Lyon, na ga wata tsohuwa tana rungume da allon tagulla irin na ƙofar likita. Takalmanta ba iri ɗaya ba ne. Mai rumfa ya leƙa rubutun. "Aliéniste? Iya, wannan kuma wace irin sana'a ce?"

"Tsohon sunan likitan masu taɓin hankali ne, ɗan nan," in ji ta. "Asalinsa Latin, wato baƙo. Mai duba wanda ya zama baƙo ga kansa."

Tana bayani tiryan-tiryan kamar malama. 'Yar likitan ce, ko majinyaciyarsa? Sayarwa ta zo yi, ko saye? Na kasa gane kanta.

Sai ta goge allon da hannun rigarta, ta juyo gare ni. "Bawan Allah, ko ka san gidanmu?"