Kazar Mai Ɗori Ta Riga Ni Takawa

Wata tara ke nan ban ce uffan a wannan shafin ba. Wani tsohon ɗalibina har ya rubuto yana yi wa iyalina ta'aziyya. Na gode masa, amma ina nan da raina, da ƙafafuna biyu.

Ranar kasuwar Dogon Dutsi ne babur ɗin kabu-kabun da na hau ya kauce wa akuya, muka zube. Ƙashin ƙwaurina na hagu ya karye, fata ta tsage.

Shekara ashirin ina zana wa 'yan koleji ƙasusuwan mutum a allo. Da nawa ya karye, sai ga ni a bayan mota ana kai ni wurin mai ɗori, can wajen Lugu. Hujjata ita ce ta kowa: wai asibiti yanke ƙafa kawai suka iya.

Tsohon ya ja ƙafar, ya jera karare, ya ɗaure. Sannan ya karɓi kazar da muka kawo, ya karya mata ƙafa, ita ma ya ɗaure. Ya ce, "Ran da ta taka, kai ma ka taka."

Kwana ashirin kaza ta taka, har da tono. Na kwance ɗaurina.

Matata Rahila, wadda ke ce mini Mushe yadda ake kiran malamin makaranta a wurinmu, ta ce, "Mushe, kazar ga nawa nauyinta, kai nawa naka?"

Na ce ta bar abin da ba ta karanta ba.

Taku uku na yi, na faɗi.

Daga nan sai kumburi da zazzaɓi, sai wari. Ina rufe ƙafar da zane don kada a ji. Rahila ba ta sake neman shawarata ba, mota ta kira. Daga asibitin garinmu aka tura mu Dosso.

Aka ɗauki hoto, aka auna jini. Lokotoro, wato likita, ya ɗaga hoton ya ce, "Ƙashin bai haɗu ba, kuma ruɓa ta shiga cikinsa. Za mu gwada. In ta ƙi, ƙasan gwiwa za mu yanke."

Na ji tsoro.

Aiki biyu aka yi mini, aka kafa ƙarafa. Kowace safiya wankin ciwo, wanda ba na yi wa maƙiyi fatansa. Sati shida ana ɗura mini magani ta jijiya. Tumakin Rahila biyu suka tafi a kan magani.

Aka sallame ni da sanduna da gargaɗi: kada in taka sai an ce. Bayan wata guda na ji sauƙi, na jingine sanduna, na taka zuwa majami'a don jama'a su ga ikon Allah. Abin da suka gani shi ne jini a wandona. Ciwon ya sake buɗewa.

Nan na karaya. Na ƙi komawa Dosso don kunyar lokotoro. Addu'a ma na daina, don ina ganin na cinye rabona.

Wata yamma Bello, makiyayin da ke riƙe mana dabbobi, ya kawo mini nono. Ya tarar Rahila tana karanta mini wurin nan a littafin annabi Ezekiyel, sura talatin da huɗu, inda Ubangiji ya ce shi da kansa zai nemo tunkiyar da ta ɓace, ya komo da wadda ta bauɗe, ya ɗaure wadda ta karye.

Na ce, "Sau ɗaya ake nufi. Ba a yi maganar wadda ke ɓata ɗaurinta da kanta ba."

Bello Musulmi ne, bai taɓa buɗe littafinmu ba, amma dariya ya yi har ya ajiye ƙwarya.

"Mushe, karatu ka yi, ba ka yi kiwo ba. Wace tunkiya ke barin ɗauri? Da haƙori take kwance shi. Ka sake, ta kwance, ka sake."

"Har sau nawa?"

"Wa ke ƙirga? Tawa ce hwa!"

Na ce wa Rahila ta nemo mota. Washegari muka koma Dosso.

Lokotoro ya dubi ciwon, ya dube ni, ya girgiza kai. Ya yi faɗansa na minti biyu, sannan ya ce, "To, mu sake."

Wata huɗu ban sa ƙafar a ƙasa ba sai da ya ce in sa. Litinin da ta wuce na shiga aji da ƙafata, ina ɗan ɗingishi.

Na gode wa Allah da bai gaji ba. Na gode wa Rahila, da Bello, da ma'aikatan da suka jure warina da bakina, da ku da kuka yi ta kira ban ɗauka ba.

Shawarata kaɗan ce. Karaya in ta zo da rauni a buɗe, ku nufi asibiti a ranar. In kun ji wari ko zazzaɓi, kada ku rufe. In aka ce kada ku taka, ku zauna.

Wanda kuma ya riga ya ɓata aikin da hannunsa, yana zaune a ɗaki kunya ta hana shi fita, ya tashi ya koma. Za a yi masa faɗa, sannan a sake ɗaurewa.