Kawu Bukar da Akwatin Ruwan da Babu Kifi

Duk wanda ya taɓa miƙa wa Kawu Bukar mai gyaran rediyo kofin ruwa ya san abin da zai biyo baya. Ba zai sha ba sai ya ɗaga kofin saitin haske, ya kanne ido ɗaya, ya sansana, sannan ya yanke hukunci: "Na rijiya ne," ko kuma, "Randar nan taku tana son wanki." A gidan surukai ya yi, a gidan biki ma ya yi. Ku da kuka zauna da shi a Haɗeja kun san ban ƙara masa gishiri ba. Inda halin ya samo asali ne wasunku ba su sani ba, ni kuwa ɗan ƙanwarsa ne, a gabana aka yi.

Asibitin ido ya je a Kano, ya ga akwatin gilashi cike da ruwa da ciyayi, 'yan ƙananan kifaye masu launi suna kai da komo a ciki. Shi ke nan! Ya dawo gida da nasa akwatin, da ɗan injin tace ruwa, da kifaye a leda. A ranar ya cika shi da ruwan famfo ya juye su. Mako bai zagayo ba duk sun kife ciki sama.

Matarsa Hajiya Fanna ta ce a ba kyanwa. Kawu ya ƙi. Ya haƙa rami a gindin darbejiya ya binne su.

Ta ce, "Malam, kai da ka tashi da farfesun tarwaɗa, yau kai ne ke jana'izar kifi?"

Ya ce, "Wanda na ci, Allah ne ya halatta mini. Waɗannan kuwa ni na tsare su a ɗaki, na kashe su da jahilcina. Wallahi ba zan ƙara sa wani rai a ruwan nan ba sai na tabbata zai rayu."

Kun san Kawu da rantsuwa. Ya buga wa mai kifin waya ya tsare shi da tambayoyi har katinsa ya ƙare. Ashe sabon ruwa ba ya riƙe kifi. Kashin kifin kansa ne ke zama guba, sai in wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani sun yi gida a cikin soson injin, su ne ke cinye gubar. Su kuma ba sa taruwa sai an bar ruwa yana gudana sama da wata, ana ɗan barbaɗa abinci yana ruɓewa. Kawu ya taƙaita wannan karatu duka a kalma uku: "Bai nuna ba."

Ciyayi kam ya ce ba zai saya ba, ga kogi a bayan gari. Ya naɗe wando ya shiga, ya ɗebo yashi ya wanke tas, ya tsinko kainuwa da 'ya'yan bado. Har da kachalla! Ciyawar da ta toshe wa manoman fadama hanyoyin ruwa, wadda ake gayya a sare ta, ita Kawu ya dasa a falonsa. Da maƙwabta suka yi masa magana cewa ya yi, "Ku taku ta fi ƙarfinku. Tawa da almakashi nake yi mata aski."

Kullum bayan sallar asuba da lazimi, sai ya matso gaban akwatin, ya yi bisimilla, ya barbaɗa abinci a ruwan da babu ko kifi ɗaya. Hajiya ta jure har ta gaji, ta aika aka kira ni. Ta ja ni gefe, murya ƙasa ƙasa.

"Ɗan nan, kai ka yi allo. In da rubutun da za ka yi wa kawunka ya sha, ka taimaka. Wa yake ciyarwa?"

Ashe yana ji. Daga falo ya ɗaga murya, "Rubutu kam zai yi, amma ba na sha ba!"

Ya sa na rubuta masa da ajami, manyan baƙaƙe, don abokansa ba sa karanta boko: Kada a zuba komai, kada a wanke. Ya manna a jikin gilashin da kansa.

Sai bazara ta shigo, wuta kuma tana zuwa tana tafiya. Injin nan in ya daɗe a tsaye, halittun sosonsa mutuwa suke yi. Batirin sola ɗaya ne a gidan, shi ke juya fankar Hajiya. Wata azahar ta farka jiƙe da gumi, ta bi waya ta tarar da ita a jikin akwati.

"Malam! Ni da nake da rai ka kashe mini fanka, ka kunna wa ruwa?"

"Su ma suna da rai."

"Su wa? Nuna mini ɗaya!"

Kawu ya miƙa mata mafici, ya ce, "Ke kina da hannu. Su ba su da shi."

Ranar dai a shago ya ci abincin rana.

Babban tashin hankalin kuwa daga taubashinsa ya zo, Malam Gambo masunci na Kirikasamma. Ya shigo gari ranar da Kawu ya tafi ta'aziyya Kafin Hausa zai kwana. Ya tsaya gaban akwatin, ya karanta takardata tsaf, ya girgiza kai. A ganinsa abin kunya ne ga dangi duka, a ce ɗan'uwan masunci yana zaune da ruwa babu kifi, mutane suna ta surutu. Ya koma wurin babur ɗinsa ya ɗauko bokiti, ya juye wata tarwaɗa baƙa wuluk, tsawonta ya kai kamu guda.

Washegari ni na ɗauko Kawu daga tasha. Muka shiga falo, inna lillahi! Ruwa ya koma kamar kunun kanwa, bado ya tumɓuke, kachalla ta kwanta, ga tarwaɗa ta kafa gashin baki a jikin gilashi tana kallonmu. Malam Gambo yana kishingiɗe a tabarma yana jiran godiya.

"Gambo, ba ka ga rubutu ba?"

"Na gani mana. Ai na yara ne. Kai dai ka ce na gode, matsolo, na rufa maka asiri."

"Wata guda ina renon ruwan nan!"

"Reno? To da ka faɗa ai da na zo suna."

Hajiya kuwa har ta jajjaga attaruhu da albasa, ta ɗora tukunya. Kawu ya kamo tarwaɗar ya sa a bokiti, ya tare ƙofar madafi da shi a hannu.

"Ba za a ci ba. A gidana ta kwana, baƙuwa ce."

"Baƙuwar da ta rushe maka gona?"

"Laifin wanda ya kawo ta ne. In shi za ki dafa, ga shi nan."

Haka na goya Kawu a babur, bokiti a cinyarsa, ruwa yana fallatsa mini a baya, har bakin kogi. Ya sake ta, ya ce ta gaida gida. Malam Gambo da ya biyo mu ya lura da wurin sosai, ya ce, "Ba komai, ni da ita za mu sake gaisawa."

Na zaci Kawu zai haƙura. Ina! Ya kwashe ruwan, ya sake dasa ciyayinsa ɗaya bayan ɗaya, soson kuwa a tsohon ruwan ya ɗauraye shi don kada halittunsa su mutu. Yana da 'yan kwalabe na gwaji da ya sayo a Kano, ya ɗiga magani a ruwa ya duba launi. Duk wanda ya tambaye shi kifi, amsa ɗaya ce, "Bai nuna ba." Yaran unguwa har suka riƙa kiransa da haka.

Sai da damina ta sauka sannan wata safiya ya aiko a kira ni. Ya nuna mini kwalbar. Launin ya fito yadda ake so. Ya je Kano ya dawo da 'yan kifaye kaɗan, ya ɗora ledar a kan ruwan ta daɗe kafin ya kwance. Da suka fita suka shige cikin bado, Hajiya ce ta fara cewa, "Kai, masha Allah." Shi kuwa kujera ya jawo. Kwanaki yana zaune a gabansu da carbi, ko shago bai buɗe ba, da ɗaya ya ɓuya sai ya miƙe tsaye.

Babu kifin da ya mutu. Har suka hayayyafa, sai da ya riƙa rabawa, amma ba ya ba kowa sai ya je gidan da kansa ya duba ruwa. Malam Gambo ya roƙa ya hana shi. Ciwon da ya ɗauke Kawu bai daɗe ba, kuma har ya koma ga Ubangijinsa bai sake binne kifi ko ɗaya ba.

Ya Allah, bawanka Bukar ya ji tsoron ka tambaye shi a kan rai wanda bai kai ɗan yatsa ba. Ka sauƙaƙa masa tambaya, ka sanyaya makwancinsa, ka shayar da shi daga Alkausara. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.