Audi da Makullin Ƙofa Ta Huɗu

A wani ƙauye da ke tsakanin garin Babban Mutum da iyakar Nijar, in ka tambayi gidan Malam Audi, ba gidan za a nuna maka ba. Za a ce ka bi hanyar fadama, in ka hango wani dogon dattijo ya naɗe ƙafar wando yana leƙen magudanar ruwa, shi ne. Ya haura sittin, ba mai yawan magana ba ne, kuma tun tasowarsa bai taɓa wata sana'a ba sai lambu.

A hannun mahaifinsa ya koyi ban ruwa, lokacin ana ja da jigo daga rijiyoyin da ba su fi gaba biyu ba. A zamanin ba takarda, amma kowa ya san ƙa'ida. Na sama ba ya tare ruwa ya bar na ƙasa da ƙishi. In makiyayi ya iso da shanunsa, ana dakatar da ban ruwa har su sha, don albasa tana iya jira zuwa yamma, saniya kuwa ba ta iyawa. Audi bai taɓa jin an kira wannan doka ba. Abin da aka tarar ana yi ne kawai.

Daga baya gwamnati ta datse rafin ta yi ƙaramin dam. Aka ci moriyarsa 'yan shekaru, sannan yashi ya cike hanyoyin ruwan, kowa ya koma ya sayi ɗan injinsa yana ja yadda ya ga dama. Mai babban inji ya sha, mai ƙarami ya yi kallo. Ana cikin haka wani kamfanin noman rani ya zo da takardar izini daga hukuma. Ya yashe dam ɗin, ya shafe magudanai da siminti, ya sa ƙofofin ƙarfe guda shida, kowace da kwaɗonta, ya kuma zagaye wurin da waya. Rabin filin kamfanin ya noma alkamarsa, rabin kuma manoman ƙauyen suka ci gaba da aikinsu, suna biyan kuɗin ruwa ta hannun ƙungiyarsu, kowane ɓangare da ranarsa da awanninsa.

Da aka zo neman wanda zai riƙe makullan ƙofofin, ba a yi doguwar muhawara ba. Na sama ba su yarda da na ƙasa ba, na ƙasa ba su yarda da na sama ba, amma dukansu sun yarda da Audi. Lambunsa yana can ƙarshen magudana, inda ruwa ke isa a gajiye, kuma ba a taɓa jin ya buɗe wa kansa kafin lokaci ba.

Shekara uku yana wannan aiki. Da hantsi zai bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya, ya cire ciyawar da ta toshe, ya duba agogon da ƙungiya ta saya masa, ya buɗe wannan ya rufe waccan. Ya ga amfanin tsarin, bai taɓa musun haka ba. Matan da mazajensu suka rasu, waɗanda a da ba su da injin ja, yanzu fangalinsu na jiƙa kamar na kowa. Sai dai akwai abin da ya kasa zauna masa. Wayar da aka ja ta ratsa burtalin da shanu ke bi zuwa bakin ruwa tun kaka da kakanni, makiyaya kuwa sai su zagaya tafiyar wuni zuwa wani tafki.

Ya taɓa tambayar Rahama, injiniyar da kamfanin ya ajiye a wurin, wata 'yar cikin garin Daura mai sauƙin kai, ko ruwan na wa ne a yanzu. Ta ce masa kamfani bai sayi ruwa ba, izinin ɗiba kawai aka ba shi, zuwa wani ma'auni, na wasu shekaru. Ruwan kansa yana hannun hukuma a madadin jama'a. Audi ya ce to su makiyayan ba jama'a ba ne? Ta yi murmushi ta ce za ta duba. Aiki ya sha kanta, ba ta duba ba.

A bazarar shekara ta huɗu zafi ya yi tsanani, tafkin da makiyaya ke zuwa ya ƙafe tun kafin lokacinsa. Wata Talata bayan azahar, Audi yana kan hanyarsa ta buɗe wa ɓangaren Alhaji Sada, wanda ya fi kowa yawan tumatir a fadamar, sai ya tarar da garke a tsaye jikin waya. Shanun ba sa ko kuka. Sun jera kawuna suna kallon ruwan da ke gudu a siminti, taku goma daga inda suke. Mai su, wani magidanci da ake kira Harisu, wanda Audi ya san mahaifinsa, ya gaishe shi ya ce kwana biyu ke nan ba su sha ba, maraƙi biyu sun riga sun kwanta a hanya. Bai roƙi komai ba. Ya faɗa ne kawai ya sunkuyar da kai.

Audi ya san abin da ke rubuce a dokar ƙungiya: mai makulli ba ya karkatar da ruwa zuwa wajen fili, ko da wane dalili. Shi da kansa ya dangwala yatsa a takardar. Ya kuma san cewa ƙofa ta huɗu tana da wata 'yar hanya da ake zubar da rarar ruwa lokacin damina, wadda ke fita ta ƙarƙashin waya ta faɗa wani kwari. Ya daɗe a tsaye da makullin a hannu. Sannan ya buɗe.

Awa biyu ruwan yana zuba a kwarin. Kafin la'asar wasu garkunan biyu sun ji labari sun iso. Waɗannan awanni biyun na Alhaji Sada ne, kuma tumatirinsa yana tsakiyar fure. Audi bai jira a faɗa masa ba, ya taka har lambun ya same shi ya ce: "Alhaji, ruwanka na yau na ba shanu. Ni na yi, ba wanda ya sa ni."

Sada ba mugun mutum ba ne, amma ya zuba duk abin da yake da shi a wannan tumatir. Ya ce in kowa zai riƙa rabon ruwa da tausayinsa, me ya sa aka sa kwaɗo? Yau shanu ne, gobe ɗan'uwan mai makulli ne. Ya kai ƙara wurin ƙungiya, kamfani ma ya aiko da takarda cewa an karya yarjejeniya.

Aka zauna ranar Asabar da safe a ƙarƙashin tsamiyar ƙofar gidan mai unguwa. Mutane suka rabu. Wasu suka ce Audi ya yi abin da iyayensu za su yi. Wasu suka ce zamanin iyaye babu kuɗin ruwa. Liman ya tunatar da cewa a shari'a mai ƙishi, mutum ko dabba, yana gaba da shuka, amma ya ƙara da cewa amana ma amana ce, kuma ruwan da Audi ya bayar ba rabonsa ba ne. Wannan maganar ta biyu ita ta fi shigar Audi. Da aka ba shi dama, bai kare kansa ba. Ya ce rabonsa na mako biyu a juya wa Sada, sannan ya zaro makullan daga aljihu ya ajiye a kan tabarma.

Rahama ce ta nemi magana daga ƙarshe. Tun ranar Talatar ta koma ofis ta ɗauko takardar izinin kamfanin ta karanta daga farko har ƙarshe, abin da ta ce ba ta taɓa yi ba. Ta buɗe wani shafi ta fassara musu da Hausa. Cikin sharuɗɗan da aka ba kamfanin akwai cewa ba zai hana mutanen yankin ruwan sha da na dabbobinsu ba, kuma in ya toshe mashaya sai ya samar da wata a madadinta.

"Baba Audi ya karya dokar ƙungiya, wannan gaskiya ne," in ji ta. "Amma mu muka fara karya tamu, shekara huɗu ke nan. Ya tambaye ni tun bara, ban duba ba."

Mai unguwa ya nemi ta bar masa kwafin shafin, washegari ya kai wa hakimi.

Abin bai warware da sauri ba. Kamfanin ya ce sai manyansa sun zo, manyan suka ce sai bayan girbin alkama. Rahama ta sha faɗa a wurin aiki, kafin damina ta sauka aka mayar da ita wani filin nasu a wata jiha. Ƙungiya kuma ta tsaya a kan hukuncinta, don kada gobe wani ya kafa hujja: aka karɓi makullan aka ba wani. Albasar Audi ta wannan shekara ba ta yi kai ba, saboda mako biyun da ya sadaukar sun faɗo daidai lokacin da take buƙatar ruwa. Matarsa Haulatu ta yi masa ƙorafi kwana ɗaya, ta ce shi kullum sai ya ɗauki kayan da ba nasa ba, sannan ta bar maganar.

Da kaka ta wuce, motar kamfani ta sauke bulo da siminti a bakin tsohon burtalin. Aka gina dogon kwamin shayar da dabbobi a wajen waya, aka ja masa bututu daga ƙofa ta huɗu, aka rubuta a dokar ƙungiya cewa awa ɗaya a kowace rana ta dabbobi ce, kuma daga rabon kowa za a cire ta, har da na kamfanin. Sada ne ya fara dangwala yatsa. Shi da Audi suna gaisawa a masallaci, amma ba su koma zaman hira kamar da ba.

An yi wa Audi tayin makullan a shekarar da ta biyo baya, ya ce gwiwarsa ba ta iya zagayen ƙofa shida kuma. Wasu sun ce fushi ne, Haulatu ta ce gwiwar ce da gaske. Yanzu yana lambunsa a ƙarshen magudana, ya rage albasa ya ƙara rogo da zogale, waɗanda ba sa damuwa in ruwa ya makara. Wani lokaci in manoma suka yi saɓani a kan awa, sukan zo ya raba su, ko da yake ba shi da wani muƙami. Yakan saurari kowa har ya gama, sannan ya tambaya ko akwai wanda ya zo da takardar, a karanta masa ita tukuna.